Kaskon Mahaifiyata

Abu ɗaya na zo da shi Tamanrasset ta Aljeriya daga Damagaram wanda ya fi kayan jikina daraja: kaskon turaren wuta na mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta. A unguwarmu ta 'yan ci-rani ɗakuna duk kama ɗaya ne, amma da hanci ake gane ƙofarmu. Ina ji da kaina a kan wannan, ba zan ɓoye ba.

Maigidana magini ne, kuma yana fama da ciwon fuka. Idan ta taso masa, ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar buta a kan wuta. Kowa a unguwar ya zama likita. Aka ce siminti ne, ya bar gini ya koma dako a kasuwar Assihar. Aka ce nonon raƙumi ne, ya bari, ko da yake bai taɓa sha ba. Daga ƙarshe wata tsohuwa 'yar Agadas ta ce iskokin duwatsun nan ne, maganinsu hayaƙi. To, hayaƙi kuwa fagena ne.

Lokacin sanyi ne. Na toshe taga da bargo, na rufe ƙofa, na cika kasko da garwashi safe da yamma. Da ya fara tari sai in ƙara turare, in ce iskar ce ke fita.

Wata ranar Juma'a leɓɓansa suka yi baƙi, ya kasa ko salati. Maƙwabta suka kai shi asibiti a bayan wata motar yashi. Aka ba shi ɗan famfon da ake fesawa a baki. Bayan kwana biyu wata ma'aikaciyar asibitin, Buzuwa mai jin Hausa, cikin masu zagaya gidajen masu fuka, ta yi sallama. Baƙuwa ce, don haka na kunna mata kasko.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana tari. Ta ce, "Baiwar Allah, kullum haka?"

Na ce, "Wannan ai kaɗan ne. Na Malam ya fi haka."

Ta fizge bargon taga, ta fita da kaskon tsakar gida, ta ɗauki butar alwala ta kashe shi. Ta ce wata guda kada ya sake shiga ɗaki, girkin gawayi ma a waje. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi maganarta ne kawai don ta ji kunya in abin bai yi ba.

Ba ta ji ba. Cikin mako uku Malam ya koma hawa tsani.

Ranar da ya dawo daga gini yana cin tuwo ba tari, na zauna gabansa kunya ta ishe ni. Na ce, "Malam, ashe ni ce."

Ya ce, "Hayaƙin dai. Tun a Damagaram na lura."

"Shekara shida! Me ya hana ka faɗa?"

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Can ya ce, "Na raba ki da gida, na kawo ki cikin duwatsu. In kin kunna shi ne kaɗai nake jin kina waƙa."

Kaskon yana nan. Gishiri nake zubawa a ciki.