Ruwan Ɗumi a Butar Baba

Ba don Baba na sayi bas ɗin nan ba. Tsohuwa ce, fara, wadda aka yi gwanjonta a wata ma'aikata a Birnin Kebbi. A lokacin na kamu da ciwon kallon motocin Turawa a waya, irin waɗanda ake sa wa gado da murhu da wurin wanka, mutum ya kwashi iyalinsa ya tafi bakin ruwa ya kwana biyu. Na ce ni ma sai na yi. Mai walda ya cire kujerun baya, kafinta ya buga gado, na ɗora gangar ruwa a kan rufi. Matata ta ɗinka labule tana dariya, wai Allah ya kawo mu zamanin da magidanci zai bar ɗakinsa da gangan ya kwana a mota. Mun ɗan je Argungu shan iska da yara, sauro ya yi mana rashin mutunci, daga nan bas ta zauna a ƙofar gida awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Baba malami ne. Tun ina yaro, duk ƙarshen mako yakan bi ƙauyukan fadama, daga Zauro da Ambursa har gefen Argungu, yana karantar da magidanta manoma hukuncin tsarki da salla da zakkar amfanin gona. Da keke ya fara, ya koma hawan kabu-kabu, yana kwana a zauren duk wanda ya sauke shi. Shekaru suka taru masa, tari ya zauna a ƙirjinsa, gwiwoyi suka ƙi. Bayan wata kwanciya da ya yi a asibiti, likita ya ja ni gefe ya ce in zaɓa: ko tsohon ya bar yawo, ko a raba shi da kwanan ƙasa da ruwan sanyi. Ya ce idan sanyi ya sake kama ƙirjin nan, hanya ta ƙare masa.

Na san Baba. Idan aka raba shi da mutanen nan nasa, zama zai yi a zaure ya zuba wa bango ido har rai ya yi halinsa. Saboda haka na kori awaki, na gyara bas, na zama direbansa na Asabar da Lahadi.

Gado bai ba ni wahala ba, ya karɓa har da sa albarka. Ruwa ne ya gagare ni. Wanda bai taɓa kwana a fadama da ɗari ba bai san sanyi ba. Ruwan da ya kwana a ganga, idan ka zuba a hannu sai ka ji shi har cikin haƙori. Da shi Baba yake alwala, ya wanke kowace gaɓa a natse, jikinsa na rawa. Idan masu masauki suka aiko da butar ruwan ɗumi daga cikin gida, sai ya miƙa wa wani tsoho a gefensa. Ni a nawa wayon na ɗauka nauyin mutane yake ji, ba ya son a tashi matan wani su hura wuta dominsa. Na ce to, idan matsalar ke nan, zan samo ruwan ɗumin da ba sai an tashi kowa ba.

Na yi makonni ina zarya shagon wani mai sayar da kayan gas da na sola a kasuwa. Hitar ɗumama ruwa mai tanki muka fara dubawa, ya ce in manta da ita. Wutar da take ci ta fi ƙarfin batirin mota, kuma tanki cike da ruwa a rataye jikin bas, a hanyoyin fadama, rami ɗaya zai ɓalle shi. Sai ya nuna mini wata mai aiki da gas wadda ba ta da tanki ko kaɗan. Ɗan akwati ne na ƙarfe, ruwa ya shiga ta ƙasa, ya bi siraran bututu a kan harshen wuta, ya fito da ɗumi. Ka buɗe famfo ta kama, ka rufe ta mutu. Akwai babba, akwai ƙarama, ni kuwa idona ya tafi ga babbar.

"Alhaji, mi za ka yi da babba?" ya ce. "Otal za ka buɗewa cikin mota?"

"Buta guda ta, ta tsohona."

"To ɗauki ƙaramar ga. Babba sai ruwa na da ƙarhi take kamawa. Gangar da kaɗ ɗora bisa ba ta iya tura mata."

Ko ƙaramar ma, ya ce, sai an haɗa mata ɗan injin tura ruwa mai cin batir, da rariya a bakin tiyo saboda yashin rijiyoyin fadama. Ya kuma yi mini kashedi har ya maimaita: kada a kuskura a rataye ta cikin mota inda mutum ke kwana, domin hayaƙin gas ba ya wari, kashewa kawai yake yi. A jikin ƙofar baya muka ɗaure ta, idan an buɗe ƙofar tana fuskantar waje. Ranar da muka gwada ta a ƙofar gida, ruwa ya zubo mini a tafin hannu da ɗumi kamar madarar da aka tatso yanzu. Na yi murna irin ta yara, har na kira maƙwabta su gani.

A Zauro muka fara kwana da ita. Gari ya waye da sanyi mai tsanani. Na buɗe ƙofar baya, na murɗa famfo, wuta ta kama, na cika buta na ajiye a gaban Baba ina jiran yabo. Ya tashi ya zagaya akwatin, ya leƙa wutar, ya taɓa ruwan.

"Masha Allahu," ya ce. "Mai ƙirar ga ya yi hankali."

Sannan ya ɗauki wata buta ya nufi rijiya da sandarsa.

Raina ya ɓaci, kuma ba na iya ɓoye ɓacin rai. Na bi shi har bakin rijiyar.

"Baba, da kunnena na ji ka kana gaya ma mutane alwala da ruwan ɗumi ta halatta."

"Ta halatta. Ban ce a'a ba."

"To mi ah hana ka? Ba matar da anka tasa, ba itacen da anka ƙone."

Ya dube ni kamar ranar ya fara ganina.

"Ashe kai abin da kaz zata ke nan. Rangwame na, anka yi shi don wanda yak kasa. Ni ban kasa ba tukuna." Ya jawo guga, ruwa na zuba a kan yatsunsa da suka kumbura. "Ayyukana ba su da yawa, yaro. Wanga guda na riƙe tun ina saurayi, ina sa rai da ladarsa. Shi kuma kake so ka amshe?"

Na ce likita fa. Ya ce likita ya faɗi abin da ya sani. Na ce idan ya kwanta, wa zai karantar da mutanen nan? Sai ya tsuguna ya fara wanke hannu. Ranar har muka koma Birnin Kebbi ina fushi, shi kuma carbinsa kawai yake ja.

Abin haushi, hitar ba ta yi zaman banza ba. Kowa ya amfana da ita ban da mutumin da aka saya dominsa. Duk ƙauyen da muka tsaya, Baba da kansa yake tura tsofaffi. "Ku tahi wurin ɗana, yana da rijiya mai wuta." Su yi layi da butocinsu a bayan bas. Aka fara aiko bokiti daga cikin gidaje, wai za a yi wa jariri wanka. Ni, ma'aikacin gwamnati da rigata mai guga, na koma mai raba ruwan zafi, tukunyar gas tana ƙarewa a kan mutanen da ban ma san sunansu ba. Wata safiya na yi dabara, na sirka masa ɗan ɗumi kaɗan a butarsa, wanda da kyar za a ji. Ya tsoma ɗan yatsa, ya tashi ya juye a gindin wata bishiya, bai ko kalle ni ba.

Haka muka ci sanyin shekarar. Kowane tarinsa a cikin bas sai gabana ya faɗi. Na yi fushi, na yi lallashi, na haɗa shi da ƙannensa, duk a banza. Da sanyi ya wuce bai kwanta ba, har tsokanata yake yi a gaban mutane, wai ga shi nan da ransa, ruwan rijiya bai ci shi ba. Na ji sanyi a raina, na kuma ji haushin ya fi ni gaskiya. Na rufe tukunyar gas, na ɗaure akwatin da buhu saboda rana.

Bazara ta shigo da zafinta na Kebbi, irin wanda sitiyari ba ya taɓuwa da tsakar rana. Ana yankan shinkafar rani. Wata Asabar muka sauka a wani ƙauye kusa da Argungu. Tun a hanya na lura Baba bai cika magana ba, amma na ɗauka azabar rana ce. Mutanensa sun baro gona, sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, kowa da littafinsa, ana jira a yi azahar a fara karatu. Na ɗebo ruwa a rijiya na kawo masa bakin mota.

Na same shi zaune a gefen gado, ya lulluɓa da bargon da muka ajiye tun lokacin sanyi. Ni gumi ya jiƙa mini riga. Ya dubi butar da ke hannuna, ya daɗe yana dubanta.

"Abin ga naka," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yana aiki har yanzu?"

Na ce yana yi.

"Kunna min shi."

Wata da watanni ina jiran wannan magana. Na sha tsara yadda zan yi masa dariya ranar da ya faɗe ta. Da ta zo, tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na kwance buhun, na buɗe gas, ina roƙon Allah a zuciyata abin ya ƙi kamawa, in sami abin yi wa faɗa. Murɗawa ɗaya wuta ta tashi.

Na taimaka masa ya zauna a bakin ƙofa. Ya wanke hannu, ya wanke fuska, a natse kamar kullum. Da aka zo ƙafa ya sunkuya, bai kai ba. Ya sake gwadawa. Sai na durƙusa na zuba masa, na cuɗa tsakanin yatsun da hannuna, ƙafar sanyi ƙalau a cikin wannan rana. Bai hana ni ba.

"Ashe haka yake da daɗi," ya ce.

Ban iya ɗaga kai ba.

"In mun yi salla, ka maishe ni gida. Tahi ka ba su haƙuri. Ka ce su nemi wani malami, kada su bar karatu."

"Baba, sati mai zuwa in ka ji sauƙi..."

"Tahi, yaro."

Na rufe famfo, wutar ta mutu. Can ƙarƙashin mangwaro sun hango ni na nufo su, har sun fara gyara zama, wani dattijo yana karkaɗe buzun da suka shimfiɗa wa Baba.