Layun da Na Ɗinka a Kasuwar Ƙonni

Edita, ina roƙo a sakaya sunana. A zamanin mulkin soja, shekarun da aka rufe iyaka kuma hatsi ya yi wuya, ni baduku ne a kasuwar Birnin Ƙonni. Daga Bazaga na zo, ina da mata da 'ya'ya biyu, ina ɗinkin layu da kube da takalma. Ban yi lakwal ba, wato boko, allo kawai na taɓa.

Wani dattijo mai rawani da tasbaha ya fara zama a rumfata kowace ranar kasuwa. Yakan kawo takardu a naɗe, ya ce rubutu ne na tsari, in rufe su da jar fata, wani direban motar Tawa zai zo ya karɓa. Mutum ne mai daɗin hira, yana tambayar lafiyar kowa, ni kuma bakina ba ya da linzami. Na riƙa ba shi labarin masu zama wurina, har da aminina, wani mai amalanken jaki ɗan garin Dogarawa, wanda ke bin hanyar daji yana shigo da gero daga ƙetare. Na gaya masa yadda aminin nan ke cewa gwamnati ta bar talaka da yunwa, tana ciyar da masu kaki.

Wata rana naɗin wata takarda ya warware a hannuna, sai na ga rubutun boko ne, babu harafin Larabci ko ɗaya. Na kai wa wani tsohon soja mai gadin shaguna ya duba mini. Ya karanta a ransa, ya miƙo mini da sauri, ya ce rahoto ne zuwa ga manya, kuma sunan mai amalanken ne a sama, da hanyar da yake bi, da maganarsa kalma bayan kalma. Ya ce in manta ya taɓa ganinta.

Abin da na yi shi ne abin da ya hana ni sukuni har yau. Aminina yana bakin kasuwa a lokacin, ina hango kunnuwan jakinsa. Na tuna 'ya'yana, na tuna waɗanda aka ɗauka ba su dawo ba. Sai na mayar da takardar na naɗe, na ɗinke ta da kyau, na miƙa wa direban da hannuna. Kwana takwas bayan haka jandarma suka tare aminin nawa a hanya. Dattijon kuma bai sake zuwa ba.

Shekara biyu aminina ya yi a kaso. Ya fito kunnensa ɗaya ba ya ji, hannunsa na dama yana rawa, jaki da amalanke an daɗe da sayar da su. Duk tsawon lokacin nakan aika wa iyalinsa gero, don in samu in rintsa. Da ya dawo, rumfata ya fara zuwa. Ya riƙe hannuna a gaban mutane yana kuka, yana cewa kowa ya guje shi sai ni, ya ce ko ɗan'uwa na jini bai yi masa haka ba. Na sunkuyar da kai na ce ba komai. Ya rasu da damina ta uku bayan fitowarsa, ni na shiga kabarinsa na kwantar da shi, ban taɓa gaya masa ba.

Na daɗe ina cewa yaudarata aka yi. Gaskiya ne, amma yaudarar ta ƙare ranar da aka karanta mini takardar, abin da ya biyo baya nawa ne. 'Yan'uwa masu sana'a, kada ku rufe abin da ba ku san cikinsa ba, kada ku kai hirar amininku kunnen baƙo don yana riƙe da tasbaha. Wanda kuma ya cuci wani, ya nemi gafararsa tun yana iya amsawa. Ni na jira har na rasa wanda zan roƙa.