Na Kori Ƙanena Kan Ƙwaya, Wayata Ta Cinye Rumbunmu

A lokacin ni ne babba a gidanmu, a wani ƙauye na yankin Bici. Tun rasuwar Baba gandu ya dawo hannuna, ga ni da zafin kai da son a ce na isa. Da na gano ƙanena yana haɗiyar ƙwaya kafin ya shiga noma, wai don kada ya ji gajiya, ban saurari kowa ba. Inna ta roƙe ni da hawaye in bi shi a hankali, na ce ɗan maye ba zai ci daga rumbunmu ba. Na yanka masa gefen gona, na fitar da shi daga gandu. Ashe laifi tudu ne, nawa mayen yana cikin aljihuna. Gajerun bidiyoyin nan na waya, wani na ƙarewa wani na hawa, har sallah ta sha wuce ni ina cewa saura ɗaya.

Da bazara na tara sassabe a gonar bayan gida, na cinna wuta. Ko yaro ya san ba a ba wa wutar sassabe baya sai ta mutu. Amma sabis ba ya kamawa sai can gindin tsamiya, na ce bari in ɗan leƙa. Ihun mata ne ya ɗago kaina. Iska ta juya, wuta ta bi danga ta kama rumbu. Wanda na tarar yana janyo dammunan gero da hannunsa, ƙanena ne.

Yanzu damina ta kama, abinci ya ƙare, hannayensa sun ƙanƙance saboda ƙunar wutar, ba ya iya riƙe fartanya. Wallahi ko a lokacin da nake jinyarsa a asibiti, hannuna yana lalubar aljihu. Ya dube ni ba faɗa, ya ce shi ɓuya yake yi ya sha tasa, ni kuwa a gaban kowa nake shan tawa, har ana tambayata wace iri ce.

Mai sayar da ƙwaya ana kama shi. Waɗanda suka zauna suka tsara abin nan don kada a iya ajiyewa, wa zai tambaye su? Ban wanke kaina ba, ni na bar wutar. 'Yan'uwa, kafin ku kori wani, ku laluba aljihunku, kuma ku sa ni a addu'a. Na mayar da ƙanena gandu, amma a baki nake ba shi tuwo, wayar kuma har yau na kasa sayarwa.