Sifanar Baba a Kwallar Inna

Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, a ita Baba ya yi ritaya daga aikin gandun daji. Abin da ya dawo mana da shi Fagge shi ne tsohuwar jif ɗin ofis, mai jan ƙafa huɗu, wadda ya saya a gwanjo. Da ita ya ci ƙuruciyarsa a daji, yana kuwa sonta kamar 'yar fari. Kullum da sassafe sai ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashinta da sifana, ya bi kowane noti ya ƙara ɗaurewa.

Aibinta ɗaya, yoyon baƙin mai. Duk inda ta kwana sai ta bar shaida. Maƙwabcinmu kafinta har kwano yake tarawa a ƙarƙashinta, ya shafe katakonsa saboda gara. Inna kuwa ta ƙi jinin abin, don mu muke kwaso man a takalmi mu shiga mata da shi tsakar gida.

Da yayata ta haihu aka sa suna a gidanmu, sai tura ta kai bango.

"Malam," in ji Inna, "a ƙofar gidan nan za a shimfiɗa wa mutane tabarmi. Ko a gyara motar nan kafin suna, ko a sayar da ita."

Ranar Baba ko tuwo bai ci na kirki ba. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Washegari ya ja ta zuwa Sabon Gari, wurin bakanikensa, wani dattijo Inyamuri mai Hausa kamar jakin Kano. Na bi shi don sayayyar suna, ina hutun makarantar horon malamai a lokacin. Na shiga kasuwa na gama, har na sayo wa kaina hoda mai ƙamshi, irin ta gwangwani, wadda na daɗe ina kwaɗayi. Na dawo gareji na tarar an wanke injin tas da kananzir, su biyun suna gardamar jam'iyya.

"Alhaji, bar siyasar nan," in ji bakaniken. "Na canja maka gaskit, na sake canjawa, yoyo bai daina ba. Yau sai motar nan ta faɗa mini da bakinta." Sai idonsa ya faɗa kan kwandona. "'Yata, ara mini hodar nan."

Aro wai! Kafin in buɗe baki ya shige ƙarƙashi, ya bi jikin injin ya bulbule shi fari fat. Gareji ya gauraye da ƙamshi, masu wucewa suna tambayar ina amaryar. Ni dai na cika na yi fam.

Ya sa Baba ya tada mota, muka durƙusa muna leƙe. Can sai ga wani baƙin zare ya tsaga farin nan. Ba daga gaskit ya fito ba, daga notin da ake kwancewa a juye mai ne. Bakaniken ya kwance shi, ya ɗaga woshar da ke jikinsa, 'yar zoben da ke hana mai fita. Ta baje kamar an taka ƙosai.

"Wa yake taɓa notin nan?"

"Ni," in ji Baba, har da alfahari. "Kullum sai na ƙara masa ɗauri, don kada ya yi yoyo."

Bakaniken ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi dariya har da hawaye. "Alhaji, yanzu ba a daji kake ba, balle gargada ta kwance shi. Kai kake matse ta har take kuka!"

Ya sa sabuwar wosha, ya ɗaure daidai wa daida. Sannan ya zare sifanar daga aljihun Baba ya jefa a kwandona, ya ce in kai wa Hajiya da gaisuwa.

Inna ta ji labari, ta karɓa, ta buɗe babbar kwallarta ta saka. Baba ya fara 'yan kame-kame.

"Soja ma sun miƙa mulki, Malam," ta ce, ta rufe murfi.

Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jif na gefe ko ɗigo babu. Kafinta ne kaɗai ya yi ƙorafi, wai an toshe masa rijiya. Hodata kuwa har yau ba a biya ni ba.

Baba bai daina shiga ƙarƙashin motar da sassafe ba. Sai dai ya shiga hannu rabbana, ya shafa notin da yatsa, ya fito. Bayan rasuwarsa ƙannena suka zo kwashe kayan aikinsa, suka ce sifana ɗaya ta ɓata. Inna ta ce ba ta ɓata ba, kuma ba mai taɓa mata kwalla.