Ja Huɗu a Tiyo

Yayana Merv mutum ne da tudu bai karɓe shi ba. In ka ajiye shi a kujera sai ya yi ta mutsu-mutsu kamar an zuba masa ƙaiƙayi, amma da zarar ya sa rigar roba ya faɗa teku, shi ke nan ya natsu. Shekara ashirin da uku yana nutso yana ɓamɓaro abalon daga duwatsun gaɓarmu ta Port Lincoln, wannan katantanwar teku da mutanen Hong Kong ke mutuwar so, mu kuwa ba ta dame mu ba. Sha tara daga cikin shekarun nan ni ce a saman kwalekwalensa. Aikina in kula da injin iska, in riƙe tiyon da yake numfashi ta cikinsa, in ɓare abin da ya aiko sama. Noeline ne sunana, amma shi Auta yake ce mini, har ranar da na cika hamsin.

In yana ƙasa, da tiyo muke magana. Ja ɗaya, lafiya lau. Ja biyu, jaka ta cika. Ja huɗu, fito da ni yanzu-yanzu.

Akwai wata doka da ya kafa mini saboda Yaya Col, babbanmu. Wanda ya daɗe a zurfi ba ya tasowa kai tsaye. Sai ya tsaya a mita biyar ya maƙale a igiya, har iskar da ta shige masa jini ta fita a hankali. In ya yi gaggawa, jinin ya yi kumfa kamar kwalbar lemon da aka girgiza. Sau ɗaya tak Col ya yi gaggawar nan, ranar da injinsa ya mutu, kuma tun yana ɗan talatin da ɗaya yake kan keken guragu.

Ranar da na fara aiki Merv ya ce, "Auta, in ina tsayuwar nan, agogo ne maigidanki, ba ni ba. Ko na ja huɗu, ko na ja arba'in, in lokaci bai cika ba kada ki ɗago ni."

Na ce, "In Farin ne ya zo fa?"

"Farin ai cizo ɗaya yake yi ya tofar, wai ba mu da kitse. Keken Col kuwa, kin taɓa ganin ya tofar da shi?"

"Allah ya shirye ka, Yaya."

"Ya fara da ke."

Farin shi ne babban kifin shak ɗin nan mai cin mutane, a nan ba mai ɓata bakinsa wajen faɗin cikakken sunansa. Yawancin masu nutso sun koma aiki cikin keji mai inji saboda shi. Merv ma yana da nasa, yana can bayan gida kabewa ta nannaɗe shi. Wai keji na kaji ne, kuma ba ya shiga lungunan da abalon ɗin kirki ke maƙalewa. Na yi faɗa, na yi gori, na yi fushi na daina yi masa sanwici har sati biyu. A banza.

Wata Talata ce cikin watan Mayu, da hantsi, ruwa garau kamar gilashi. Muna kusa da wani tsibiri da zakunan teku ke haihuwa, dabbobin ruwan nan masu kitse da Farin ke farauta. Merv ya yi kusan awa ɗaya da rabi a mita sha takwas, ya taso zuwa mita biyar ya maƙale ƙugiyar ɗamararsa a igiya, jakar ƙarshe na hannunsa. Minti sha huɗu zai tsaya. Na danna agogo, na zuba shayi.

Ban kai kofin baki ba na ga zakunan tekun sun haye dutse gaba ɗaya, suna tattake juna. Abu ɗaya ne ke koro su daga ruwa haka. Na leƙa.

Farin ne, yana nan. Kwalekwalenmu mita shida ne, shi kuwa kaɗan ya rage ya kamo shi. Ba ya sauri, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kewaya Merv yake yi a tsanake, kamar mai duba motar da zai saya. Merv ya kare cikinsa da jakar abalon, yana juyawa tare da shi don kada ya ba shi baya. Sai kifin ya nutse ya ɓace. Duk wanda ya san Farin ya san ganinsa ya fi rashin ganinsa sauƙi, don daga ƙasa yake tasowa, kuma abin da ya fi so shi ne abin da ke lilo a tsakiyar ruwa.

Tiyo ya motsa a hannuna. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Na dubi agogo. Saura minti tara.

Wallahi da hannu biyu na kama igiyar. Ja shida ko bakwai ya isa in fito da shi. Sai na tuna yadda muke ciccibar Col mu sa shi a mota, da yadda yake kawar da kai don kada mu haɗa ido. Na saki igiyar. Tiyo ya sake motsawa, huɗu. Sai da na amsa, don in ba ka amsa ba mai nutso zai ɗauka babu kowa a sama. Amsa kuwa ɗaya ce gare ni. Na ja ɗaya. Lafiya lau. Ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan muni ba.

Shi ma ba yadda zai yi. Hannu ɗaya na jaka, ɗaya na tiyo, in ya sauke jakar don ya cire ƙugiya, cikinsa a buɗe yake. Ya ja huɗu, na ja ɗaya. Ina kuka, ina zaginsa, ina zagin agogo, ina dukan gefen kwalekwale da ƙarfe ko ƙarar za ta kori kifin. Saura minti uku Farin ya taso daga ƙasa ya cafki jakar, ya girgiza ta har tiyon ya ƙone mini tafi. Abalon suka watse. Ya tofar da ragar jakar, ya ƙara kewayawa sau biyu, ya tafi abinsa. Merv bai daina jan huɗu ba, ni kuma ban ɗago shi ba sai da agogo ya yi ƙara.

Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ya kwanta a ƙasan kwalekwale ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Kin yi daidai, Auta."

Washegari ya sa rigar roba, ya zauna a gefen kwalekwale ƙafafunsa cikin ruwa. Awa guda yana zaune. Sau uku muna fita haka, na ukun ma har da kejin, bayan mun sare kabewar. Bai shiga ba. Col, da bakinsa ba ya da linzami, ya ce masa, "Ni teku ƙafafuna ta ɗauka ta bar ni. Kai kuma ta bar maka ƙafafun ta riƙe sauran." Merv ya yi dariya, mu muka kasa.

Shekara shida ke nan. Yanzu tumatir yake nomawa a bayan gida, kuma ya jera kunyoyin yadda zai ba teku baya. Ran Lahadi na kai masa kifi, na same shi yana ban ruwa, ya yi nisa cikin tunani har ruwan ya kwanta a gindin shuka ɗaya. Tiyon ban ruwan ya bi ta kusa da ƙafata zuwa famfo, sai na ga yana motsi. Huɗu. Ya tsaya. Huɗu. Shi bai ma san yana yi ba.

Na ajiye kifin, na sunkuya na kama tiyon, na yi ta ja hannu bayan hannu. Ya biyo shi yana tuntuɓe cikin tumatir har ya iso gabana, ruwa na zuba a kan takalmansa. Ya dube ni.

"Ya cika, Auta?"

"Ya cika, Yaya. Tuntuni."

Ya gyaɗa kai. Na rufe famfo, na ce ya zo mu sha shayi. Ya ce to, ga shi nan zuwa, amma bai saki tiyon ba.