Kot Ɗin 'Yar Gwanjo

Lokacin da korona ta rufe Doha, kamfanin wankin da nake wa aiki ya tara mu a gidan ma'aikata a Al Wukair, ya ce kada wadda ta leƙa waje. Ni aka haɗa ɗaki da wata 'yar Indonesiya, 'yar firit da ita, ba ta kai ni shekaru ba. Tana kirana "kak", wai yaya ke nan a yarensu. Ni kuwa 'yar gwanjo nake ce mata, don ban taɓa ganin mai alfahari da kayan da wani ya sa ya gaji kamarta ba.

A garinmu in kin sayi gwanjo sai ki wanke, ki turara, ki ce yayarki ce ta aiko miki. Ita kuwa jingina waya take yi da kofi, ta ɗaga tsohuwar rigar namiji tana nuna wa ƙawayenta na gida a bidiyo kai tsaye, mai so ta saya. Ta ce abin da matasansu ke yayi ke nan: a tono tsohon kaya, a rage hannu, a haɗa da hijabi marar ado da farin kambas, a fita shan kofi a ɗauki hoto.

Na ce, "Wato talauci kuka raɗa wa suna mai daɗi."

"Kak, ke komai faɗa. Riƙe min nan in yanke."

Na riƙe. Ina zan je?

Da aka buɗe gari, gasar kofin duniya ta matso, otal-otal suka fara neman masu tarbar baƙi. A lokacin tururin guga da warin bilic sun sa min tarin da ba ya jin magani. Wata nas 'yar Jos ta gaya min ƙiri-ƙiri: in bar ɗakin wanki, ko in koma gida da ƙirjin da ba zai ƙara moruwa ba. Kafil, wato ubangidan da bizata ke hannunsa, ya yarda in je intabiyu sau ɗaya. In ba a ɗauke ni ba, khalas, magana ta ƙare, in koma bakin injina.

Ranar, na fito da leshin bikin yayana, na kafa ɗauri, na zuba sarƙa da awarwaro. A wajena wannan shi ne girmama wuri. Yarinyar ta ɗago kai ta gan ni, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Kak, wa za ki aura a otal ɗin?"

"Ke, ba na son raini. Mota za ta tafi."

"Cire. Yalla, cire!"

Ta zuge jakarta ta jawo wani kot na maza ruwan toka, faffaɗa, da doguwar riga baƙa. Kafin in ankara ta kunna waya. Na daka mata tsawa, ta ce daga wuya zuwa ƙasa kawai ake gani. Haka 'yan matan da ban sani ba, a ƙasar da ban taɓa zuwa ba, suka tsaya zaɓa min kaya. Tana karanto min abin da suke rubutawa: naɗe hannun, cire awarwaron, hijabin ruwan ƙasa ya fi. Wata ma ta ce kafaɗuna sun dace da kot, kada in ranƙwafa.

Sai ta ce, "To gaishe su kamar baƙinki ne."

Na zubo gaisuwar da Turanci a numfashi ɗaya.

"A hankali mana! Kina gaisuwa kamar mai korar akuya daga gona."

Sai da ta sa na maimaita har direba ya fara danna hon.

Matar da ta yi min intabiyu ta kalle ni sama da ƙasa. Sai ta ce in ɗauka ita baƙuwa ce da ba a shirya ɗakinta ba, ta hau ni da masifa. Na ji amsar da na saba bayarwa ta taso har maƙogwarona. Na haɗiye ta, na miƙe kafaɗa, na ba ta haƙuri kalma-kalma, na ce ta zauna in kawo mata ruwa. Ta yi murmushi ta ce in zo awon yunifom.

Na koma na tarar da 'yar gwanjo a bakin tebirin guga, gumi na ɗiga. Na gaya mata. Ta yi ihu har shugabarmu ta leƙo, ta rungume ni, sannan ta kama wuyan kot ɗin.

"Cire a hankali, kak. Wata a waya ta gan shi a jikinki, ta ce ta saya."

Duk tsawon gasar a ƙofar otal na tsaya, ina tarbar mutane masu fenti a fuska da tutoci a kafaɗa. Tarin ya lafa kafin a buga wasan ƙarshe. Ita tana can ɗakin wanki, kuma zanin gadon wasu daga cikin baƙin da nake wa murmushi ta hannunta yake bi. Ba na iya addu'a mai tsawo, amma har yau in na ɗaga hannu sai na sa ta, da waɗancan 'yan matan da ba su taɓa ganin fuskata ba.