Aron littafi a gidan biki: shekara shida bayan Yaya Asabe

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata, Malama Asabe, wadda mutanen Safana da Batsari suka fi sani da Asabe ta laburare. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ni ne ƙanenta da ke bi mata, malamin makaranta da ya yi ritaya, kuma ni ne na fi kowa shan faɗanta tun muna yara har ta koma ga Mahaliccinta. Duk shekara idan watan nan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ajiye alƙalami, don abin da nake da shi bai wuce kewa ba, kewa kuwa kowa yana da tasa. Bana ne na samu abin da ya isa a ba masu karatu labari.

Ta fara aiki a ɗakin karatu na Safana, daga baya aka dawo da ita gida Batsari, inda ta ƙare aikinta da rayuwarta. Wanda bai san wurin ba kada ya hango wani babban gini. Ɗaki ne guda a gefen sakatariya, da kantocin littattafai jingine da bango, da dogon teburi, da fankar da hutunta ya fi aikinta yawa. Masu shiga kuwa maza ne: 'yan sakandare idan jarrabawa ta matso, da ma'aikata masu zuwa karanta jarida su ɓuge da gyangyaɗi. Mata ba sa zuwa. Ba wanda ya kafa dokar hana su, amma kafin ka kai ƙofar sai ka ratsa majalisar 'yan kabu-kabu da ta mai shayi, kuma ban san matar auren da za ta yi wannan ratsen saboda littafin labari ba.

Yaya ba ta tsaya jiran su ba. Tana da wata tsohuwar jakar fata, duk inda ake suna ko biki, a Batsari ne ko Karare ko Darini, da ita take tafiya. Wasu matan su baje atamfa da turaren sayarwa a tsakar gida, ita ta baje littattafai a kan tabarma: na labarai, na addini, na renon yara, na kiwon kaji. Mace ta ɗauka ta soke a ƙarƙashin mayafi, sai a biki na gaba ta maido ta karɓi wani. Da yake ƙa'idar aro ta ce sai da suna, matan kuma ba sa son a rubuta sunansu a ofis, sai Yaya ta riƙa ara da nata sunan. Na sha tsokanarta cewa idan takarda za a bi, babu wanda ya kai ta karatu a jihar nan, mace ɗaya da tulin littattafai a hannu lokaci guda. Sai ta harare ni ta ce in je in gyara rubutun ɗalibaina.

Idan matan Batsari suka cinye abin da ke kantarta, sai ta ɗaure littattafan a buhu ta ba direban motar kasuwa ya kai wa abokiyar aikinta a Safana, a aiko mata da na can. Ba ta san abin da ke Safana ba, su ma ba su san nata ba, don haka sau da yawa buhun yakan dawo da irin littattafan da ta aika. Ranar da hakan ta faru gara ka yi nesa da ita.

A cikin masu karatunta babu kamar Yaya Delu ta Karare, aminiyarta. Matar manomi ce, ba ta taɓa zama a aji ba sai da ta aurar da 'yarta ta fari, sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci ta fito tana haɗa baƙi. Irin wannan karatu, a cewar Yaya Asabe, ba ya zama a kai idan babu abin karantawa a ɗaki. Ta ga mata da yawa sun gama aji har da takardar shaida, bayan damina biyu ko sunansu ba sa ganewa. Shi ya sa take yi musu gargaɗi a kowane biki, da muryar nan tata da ake ji daga zaure, cewa duk wadda ta daɗe ba ta buɗe littafi ba ta sani za ta manta, kuma kada ta zo mata da kuka. Delu ta riƙe maganar fiye da kowa. Ko lokacin girbi, da ƙaiƙayin gero a jiki, sai ta karanta shafi kafin ta ɗora tukunya.

A shekararta ta ƙarshe a aiki aka fara maganar haɗa ɗakunan karatu na jiha da kwamfuta, aka kira ma'aikatan kwas a Katsina. Ta dawo tana ƙunƙuni. Na taɓa leƙa ta a shagon wani maƙwabcinmu tana gwada buga sunan littafi da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar gero, na yi dariya har ta kore ni. Ba ƙin abin ta yi ba. Tambayarta guda ce, ta yi ta a wurin kwas, ta kuma yi mini ita a gida: wannan na'ura za ta iya zuwa gidan suna? Ba ta ga amsar ba. Ciwo ya kwantar da ita kafin a kawo na'ura ko ɗaya, ba ta kuma tashi ba.

Abin da ya biyo baya na 'yan bindiga kowa a yankin nan ya sani, ba sai na tono ba. Hanyar Safana ta zama sai da addu'a, gonakin nesa suka gagara, bukukuwa suka ƙanƙance, a ɗaura aure da hantsi kowa ya watse kafin la'asar. Har akwai lokacin da aka yanke sabis ɗin waya, sai mutum ya shiga mota zuwa Katsina don kawai ya ji muryar ɗansa da ke Kano. Kwanon gero ya kai farashin da ban taɓa zaton zan ji da kunnena ba. A irin wannan hali ba wanda ya tambayi ina jakar Asabe, ni ma ban tambaya ba. Mutanen ƙauyuka suka yi ta shigowa gari, Delu da jikokinta biyu suka sauka a ɗakin da ke bayan gidana, don aminiyar yayata ba za ta kwana a ajin firamare ina da rufi ba.

Duk da haka aikin haɗa ɗakunan bai mutu ba, ya dai yi tafiyar hawainiya har ya iso. Yau idan ka shiga ɗakin nan za ka tarar da sola a kan rufi, kwamfutoci a kan dogon teburin, da wani magidanci mai haƙuri, Malam Nura, wanda ya gaji kujerarta. Ka faɗi sunan littafi ya buga, nan take ya gaya maka ko yana Safana, ko Dutsin-ma, ko Katsina, da ko wani ya riga ka ara. Wanda aka ɗauki hotonsa shafi-shafi kuwa ba sai an jira mota ba, zai zuba maka shi a waya kana tsaye, ba tare da ka ƙona data ba. Ranar da na fara gani na tuna buhunan nan masu zuwa su dawo da abin da suka tafi da shi, na ce da Yaya na nan da ta huta da faɗan buhu. Sannan da ta waiga ta nemi mata a ɗakin, ta ga babu, ta dawo da tambayarta. Tsarin yana son kowane mai aro da katinsa mai hoto, littafi uku kawai a hannu. Tsari ne mai kyau, littattafai sun daina ɓata, amma ba ya barin mace ɗaya ta ari na unguwa guda da sunanta. Malam Nura kuma namiji ne, iyakarsa zaure.

Ban san abin da ke cin Delu ba sai bara. Na aro mata littafi da katina, ya yi kwanaki a ɗakinta, ta maido da godiya. Da na tambaye ta yadda labarin ya ƙare, sai ta sunkuyar da kai.

"Ƙanena, kar ka ƙara wahal da kanka," in ji ta. "Abin da Asabe ta hwaɗi ya tabbata. Na aje karatu shekarun nan na gudu, shi kau ya tahi. In na buɗe, baƙaƙen sai su cuɗe mani, ba ni gane wanga da wancan."

Na ce mata ai ana sake koyo.

"Da wane kai? Ni ba mantuwar ta hi yi mani ciwo ba. Kunyar Asabe nike ji. Ta sha wahala a kaina, na bari ya zube."

Na daɗe ban ji maganar da ta sosa mini rai irin wannan ba. Matar nan ta bar gona, ta bar rumbu, ta bar ɗakin da ta haifi 'ya'yanta, ban taɓa ganin hawayenta ba sai a kan karatu.

Maiɗakina Hajara ce ta tashi tsaye, don ni iyakata jimami. Ta aike ni wurin Malam Nura da tambaya: tunda ana ba makarantu kati na musamman, Islamiyyar matan aure ta unguwarmu ba makaranta ba ce? Ya tuntuɓi hedikwata, aka ɗan ja lokaci, aka amince. Malamar matan ce ta ɗauki hoton masu so da wayarta a cikin aji, babu namiji ko ɗaya a wurin. Yanzu duk mako nakan kai wayar Hajara a zuba littattafai, ita ta tura wa sauran, na takarda kuma a aiko daga Safana da sunan makarantar. Delu ta ƙi yin kati. Ta ce kati na masu karatu ne.

Makon jiya, ana gobe za mu yi sadakar wainar da muke yi wa Yaya duk shekara, mata suka taru a tsakar gida da yamma suna aiki. Hajara na karanta musu wani labari daga waya. Da za ta sa hannu a ƙullu, tabarau ɗinta kuma yana ɗaki, sai ta buɗa rubutun da yatsu biyu har kowane baƙi ya yi girman ƙwayar gyaɗa, ta ce Delu ta riƙe mata wayar. Ina zaune bakin ƙofar ɗakina ina ji. Hajara ta tsaya a tsakiyar jimla don ta ƙara ruwa, sai wata murya ta ƙarasa jimlar a hankali, gaɓa-gaɓa, ta kuma shiga ta gaba. 

Delu ta kai ƙarshen shafin, ta ɗago tana duban mu ɗaya bayan ɗaya kamar wadda aka tasa daga barci. Hajara ta wanke hannu, ta mayar da rubutun ƙanana, ta ce Delu ta karanta. Ta kasa. Hajara ta sake buɗa shi, Delu ta karanto tiryan-tiryan.

"Yaya Delu, wa ke zura miki zare a allura?" in ji Hajara.

"Jikokina mana, tun bara waccan." Ta sake duban wayar. "La'ilaha illallahu. Ashe ido ne. Ashe ban manta ba."

Ta yi dariya har da hawaye, muka taya ta. Ni mai tabarau a kan hanci shekara da shekaru ban kawo wannan a raina ba, ita kuma gargaɗin Asabe ya cika mata kunne har bai bar wa wani dalili wuri ba. Matar da ke hango akuya daga ƙarshen layi ta faɗi ta gidan wa ce, ta yaya za ta zargi idonta?

Me Yaya za ta ce da ta ga wannan? Na san ta, ba za ta yaba wa na'ura a gabana ba, za ta taɓe baki ta ce ai dama aikinta ke nan. Amma a ranta za ta yarda akwai abin da jakarta ba ta iya ba, don littafin takarda ba ya ƙara girman baƙinsa saboda tsohuwa. Da ta yi takaici kuma da ta ji gargaɗinta ne ya sa aminiyarta jin kunya a banza, sannan ta juyar da laifin kaina kamar yadda ta saba. Littattafan da ta yi ta ɗauka yawanci sun tsufa, an sauke wasu daga kanta. Sunanta ma babu shi a kwamfutar, don bayan tafiyarta aka fara shigar da sunaye. Hanyar Safana har yanzu ba mu saki jiki da ita ba, Delu ba ta koma Karare ba, gero bai sauko ba. Amma a unguwarmu akwai matan da rashin littafi ke damun su kamar rashin gishiri a miya, kuma ba da wannan damuwa aka haife su ba, wata ce ta yi shekaru tana sa musu ita. Da babu su, da na'urar ta iso ta tarar da ɗaki babu mai jira. Wannan ya ishe ni, raina a kwance yake.

Washegari aka yi addu'a, aka raba waina. Mun shirya za a kai Delu asibiti a auna mata ido, ta kuma yarda a ɗauke ta hoton kati, da sharaɗin a bari ta ɗaura sabon kallabi. Da aka zuba wa mata nasu rabon sai aka neme ta aka rasa. Na same ta a inuwar bayan ɗakinta da wayar Hajara a hannu, leɓenta na motsi. Na ce mata ana jiran ta, waina na hucewa.

Ba ta ɗago ba. "Na yi wa Asabe tawa addu'ar tun da asuba," in ji ta. "Ku aje mani rabona, ƙanena. Yarinyar nan ta cikin labarin ta shiga mota, sai na ga inda za ta sauka."